Mai Shayin Ƙofar Gida da Ƙwayar da Ta Ƙi Barin Tumbi

Kusan kowace unguwa tana da irinsa. Wata rana bayan la'asar ya yi sallama da mai gida, ya durƙusa ya ce, "Alhaji, alfarma nake nema, in ɗan ajiye teburina a gindin katangar nan kafin in samu wuri." Alhaji ya ce ba komai, Allah Ya ba da sa'a. Aka kafa tebur da benci ɗaya da tukunyar ruwan zafi. Bayan damina biyu sai ga rumfar buhu, daga baya ta koma ta kwano, can kuma aka ga firji da ƙaramin janareta. Yaran da aka haifa a gidan bayan zuwansa Kawu suke ce masa, kuma da za ka tambaye su sai su rantse tare da shi aka gina gidan. Alhaji ya rasu, an raba gado, mai shayi yana nan. Ba shi da takarda, bai fi masu gidan ƙarfi ba, kuma babu wanda bai san wurin ba nasa ba ne. To me ya hana a tashe shi?

Irin wannan tambayar masana garkuwar jiki suka kwashe fiye da shekara 40 suna yi a kan wata bakteriya mai lanƙwasasshen jiki da ake kira Helicobacter pylori, wadda likitoci ke taƙaitawa H. pylori. Yawanci tana shiga cikin mutum tun yana yaro, ta baki, daga 'yan gidansu ko ta ruwa da abincin da ƙazanta ta taɓa. In ba magani aka yi mata ba, da ita zai tsufa. Kwalara takan zo da hayaniya, cikin 'yan kwanaki ko ta kayar da mutum ko jiki ya fatattake ta. Ita wannan sai ta yi shekara 60 a tumbi ɗaya. Wani babban nazari da aka buga a 2017, wanda ya tattara binciken ƙasashe da dama, ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 4.4 ke ɗauke da ita a 2015, wato fiye da rabin mutanen duniya a lokacin. Nijeriya ce ta zo kan gaba a nazarin da kusan kashi 88 cikin 100, Suwizalan kuma can ƙasa da kusan kashi 19. Ma'ana, mai karatu, in kana zaune a majalisa ta mutum goma, akasarinku kuna da ita, kuma yawancinku lafiya lau kuke ji.

Dabararta ta farko ita ce zaɓen wuri. Mai shayi bai nemi zaure ba, bai nemi shago ba. Ya nemi gindin katangar da rana ke duka, inda babu mai ƙyashinsa. Tumbi ma haka yake ga ƙwayoyin cuta. Ruwan asid ɗin da ke cikinsa yana kashe galibin abin da muka haɗiya, shi ya sa likitoci suka daɗe suna koyar da cewa babu abin da ke iya rayuwa a can. Sai da Robin Warren da Barry Marshall, likitoci biyu a birnin Perth na Ostareliya, suka nace. A 1982 suka samu nasarar rainon ƙwayar a ɗakin gwaji, kuma nasarar ta zo ne saboda hutun Ista ya sa an bar farantan gwajin sun yi kwanaki fiye da yadda aka saba. Da abokan aiki suka ƙi yarda cewa ita ke kawo gyambon ciki, Marshall ya kwankwaɗi ruwan da ke cike da ƙwayar a 1984, cikin 'yan kwanaki tumbinsa ya kumbura, ya kama amai. A 2005 aka ba su kyautar Nobel.

Rumfar da ta kafa wa kanta wani sinadari ne da ake kira yuriyes. Da shi take farfasa yuriya, wanda jiki ke da shi dama, ta fitar da amoniya da iskar kabon. Amoniyar ce ke kashe kaifin asid a ɗan kewayen da take. Daga nan sai ta kaɗa 'yan jelolinta, ta murɗa jikinta ta kutsa cikin yauƙin da ya lulluɓe bangon tumbi, ta lafe can ƙasa inda tsamin bai kai ba. Yawancinsu ba sa shiga cikin naman jiki. Suna nan a bakin ƙofa, ba ciki ba, ba waje ba, kuma dakarun garkuwa suna ɗaya ɓangaren katangar. Wannan kaɗai ya rage wa jiki hannu.

Amma lafewa ba ta isa ta bayyana zaman shekara 60 ba, domin jiki ya san tana nan. Duk wanda ke ɗauke da ita, in aka yanko ɗan ƙanƙanen naman tumbinsa aka duba a madubin likita, za a ga fararen ƙwayoyin jini sun taru. Jininsa kuma cike yake da antibodi da aka ƙera musamman dominta. An ga baƙo, an yi shela, samari sun fito. Abin da ya faru bayan fitowarsu shi ne labarin.

Masu gadin farko na jiki ba sa tantance ƙwayar cuta ɗaya bayan ɗaya. Alamu suke dubawa, waɗanda bakteriya da yawa ke da su: irin furotin ɗin da aka yi jela da shi, da wani kitse mai haɗe da sukari da ke jikin fatarsu ta waje. Da sun ji ƙanshin waɗannan sai su busa usur. H. pylori ta sauya fasalin furotin ɗin jelarta ta yadda mai gadin da aikinsa ke nan da ƙyar yake gane shi. Kitsen fatarta kuma ta rage masa wasu sassa, har ƙarfinsa na tayar da hankalin jiki ya yi ƙasa da na bakteriyar hanji irin su E. coli da ɗaruruwan ninki. Ba ta tsaya nan ba. A saman fatar tata takan jera wasu sukari da ake kira alamomin Lewis, irin waɗanda ƙwayoyin jikinmu da kansu ke ɗauke da su. Ka ce mai shayi ne ya ɗinka ankon gidan ranar biki, ya shiga hoto, har baƙin da suka zo daga nesa suna tambayar ko ƙanen marigayi ne.

Sai batun samarin gida, waɗanda da gaske za su iya ɗaga teburin su jefar a titi. A jiki su ne ƙwayoyin T. Al'adarsu in sun gane abokin gaba, sai su yi ta ninka kansu, ɗaya ya koma dubbai, kuma suna yin haka ne ta hanyar wani saƙo da suke aika wa junansu, sinadarin da ake kira IL-2. H. pylori tana fitar da wani dafi mai suna VacA. A 2003 masu bincike a birnin Munich na Jamus suka nuna cewa dafin nan yana toshe hanyar da ƙwayoyin T ke bi su samar da wannan saƙon, kuma hanyar da yake toshewa ita ce dai wadda ake toshewa da magani ga wanda aka yi wa dashen ƙoda don kada jikinsa ya ƙi karɓar ƙodar. A tsaya a duba wannan: abin da likitoci suka sha wahala kafin su iya, wata ƙwaya da ido ba ya gani ta daɗe tana yinsa a cikin kakanninmu. Tana kuma da sinadaran da ke cinye gulutamin da ajinin, abinci biyu da dakarun garkuwa ke buƙata, na biyun ma da shi suke haɗa iskar gubar da suke kashe ƙwayoyin cuta da ita. Wani abin kuma, tana zarar kolestarol daga fatar ƙwayoyin bangon tumbi ta shafa wa jikinta, kuma bincike a Balin ya nuna cewa ƙwayoyin da aka zare wa shi ba sa iya jin umarnin da dakarun ke aiko musu na su tashi su kare kansu.

Nan kam mai shayi ya fi ta mutunci. Shi cika wa samarin ciki yake yi: shayi da burodi bashi, Indomie da ƙwai a rubuta a littafi, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ita kuwa yunwa take gana musu. Sakamakon dai ɗaya ne. Ranar da aka ce a fito a ɗaga tebur, sai ka ga kowa yana sosa ƙeya.

Babbar dabarar, wadda a ganina ita ce ƙashin bayan zaman, ba ta shafi samari ba. Ta shafi dattijo. Kowace unguwa tana da wanda in rigima ta taso ake kira, kuma kafin ya zauna an san abin da zai faɗa. Babban ɗan marigayi ya zo da zafinsa: "Baba, katangar nan tamu ce, muna son mu fasa shaguna, mutumin nan ya tashi." Dattijo ya gyara zama ya ce, "Ɗana, a yi haƙuri. Da idona na ga ranar da mahaifinku ya ba bawan Allah nan wurin nan. Shekara nawa, an taɓa jin kansa da wani? A bar maganar zuwa bayan salla." Sallar da ba ta zuwa ke nan.

Jiki ma yana da irin waɗannan dattawa, kuma ba don su ba da mun halaka. Wani rukuni ne na ƙwayoyin T da aikinsu shi ne kwantar da tarzoma. Masana na ce musu Treg, mu kira su masu sulhu. Su ne ke hana garkuwa ta far wa naman jikinta, su ne ke sa hanji ya karɓi tuwo da nono ba tare da ya ɗauke su abokan gaba ba. Suna aiki da sinadaran lallashi, musamman wanda ake kira IL-10. Waɗanda ke yanke ko samari za a tayar ko dattawa, wasu 'yan rahoto ne da ake kira ƙwayoyin dendiritik, waɗanda ke ɗanɗana abin da ya shigo su kai labari. Ƙungiyar Anne Müller a Jami'ar Zurich ta nuna cewa 'yan rahoton da suka yi cuɗanya da H. pylori ba sa ƙosawa yadda ya kamata. Suna kai labari, amma a sanyaye, ta yadda sababbin ƙwayoyin T da suka saurare su sai su zama masu sulhu maimakon mayaƙa. Dafin VacA da sinadarin nan mai cinye gulutamin duk suna da hannu a wannan juyin. Ƙwayar ba ta ƙirƙiri haƙuri ba. Ta tarar da shi a gidan, ta jawo shi ɓangarenta.

Lokacin zuwa ma yana da tasiri ƙwarai. Jikin jariri a shirye yake ya karɓi abin da ya tarar, domin a lokacin ne yake koyon wane ne na gida. A gwajin Zurich, ɓerayen da aka sa wa ƙwayar suna 'yan kwanaki da haihuwa sun riƙe ta da yawa amma tumbinsu bai lalace ba, waɗanda aka sa wa bayan sun girma kuwa sun yaƙe ta, yawanta ya ragu, amma bangon tumbinsu ya ji jiki. A ƙasar Chile, wani bincike na 2008 ya gano cewa yara masu ɗauke da ita sun fi manya yawan masu sulhu a tumbi, kumburinsu kuma bai kai na manya ba. Su ne 'ya'yan da suka buɗe ido suka ga Kawu. Sabo turken wawa, in ji masu magana, sai dai a nan ba a san wane ne wawan ba, domin in aka cire masu sulhun daga jikin ɓera, ƙwayar takan ragu sosai, amma kumburin ya yi tsanani. A Nottingham ta Ingila kuma an ga cewa masu gyambon ciki sun fi ƙarancin martanin masu sulhu idan aka kwatanta da masu ɗauke da ƙwayar da ba su da gyambo. Wato dattijon da ke hana a tashi baƙo shi ne kuma ke hana a rushe katanga garin kokawa.

To in haka ne, ina ɓarnar take? Je ka duba bayan rumfar mai shayi, inda yake watsa ruwan wanke kofuna safe da dare. Kofi ɗaya ba komai ba ne. Amma ka sa yatsa a gindin katangar, za ka ji ƙasar ta yi laushi, siminti ya ɓanɓare, gishiri ya fito fari-fari. Sulhun da ke tumbi bai taɓa zama cikakke ba. Zaman doya da manja ake yi: samari ba su ɗaga tebur ba, ba su kuma koma ɗaki ba, kullum ana 'yar hatsaniya, kuma gubar da suke watsa wa ƙwayar bangon tumbi take samu. In kumburin ya fi yawa a ƙasan tumbi, sai ya rikita ma'aunin asid, ya yi yawa, ya gangara ya ƙona farkon hanji. In ya mamaye jikin tumbin, a hankali ƙwayoyin da ke samar da asid su mutu, bangon ya sirance, ya sauya kama, kuma wannan ce hanyar da kan kai ga cutar kansa bayan shekaru masu yawa. Kimanin mutum 10 zuwa 15 cikin 100 na masu ɗauke da ita ne ke samun gyambo, 1 zuwa 3 kuma kansar tumbi. Kason kamar kaɗan ne, sai ka tuna mutum biliyan nawa ake magana. Tun 1994 hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa. Wasu jinsunanta sun fi wasu mugunta, musamman masu wata 'yar allura da suke tsira wa ƙwayar bangon tumbi su ɗura mata furotin mai suna CagA. Irin CagA ɗin da ya yaɗu a Japan da Koriya da Sin ya fi zafi, kuma can ne kansar tumbi ta fi yawa.

Akwai masu cewa baƙon yana da ranarsa. Martin Blaser na Amurka da abokan aikinsa sun lura cewa yaran da ke ɗauke da ita ba su cika yin asma ba kamar waɗanda ba su da ita, kuma a 2011 ƙungiyar Zurich ta nuna a ɓeraye cewa masu sulhun da ƙwayar ta tara suna kai lallashinsu har huhu. Ba abin mamaki ba ne in aka tuna daɗewar zaman. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna ta baro Afirka tare da mutane kimanin shekara 60,000 da suka wuce, har an same ta a cikin gawar wani mutum da ƙanƙara ta adana shekara 5,300 a tsaunukan Alps. Amma abin da aka gani a ɓera da lissafin jama'a ba hujja ba ne ga mai gyambo ya ce zai riƙe tasa.

Mu nan muna da namu kason a wannan muhawara. A 1992 wani likitan fiɗa da ya yi aiki a Maiduguri, Holcombe, ya buga maƙala a mujallar Gut yana mamakin yadda kusan kowa ke ɗauke da ƙwayar a yankin amma kansar tumbi ba ta da yawa, abin da ya zama sananne da sunan ɗaurin gwarmai na Afirka. An kawo dalilai. Wasu sun ce tsutsar ciki ce ke ƙara karkata garkuwa zuwa lallashi, kuma gwajin ɓeraye a 2000 ya goyi bayan haka. Wasu sun duba Kolombiya, inda garin Tumaco na bakin teku da Túquerres na kan tsauni ke da yawan masu ƙwayar kusan ɗaya, amma kansar tumbi a kan tsaunin ta ninka ta bakin tekun kusan sau 25. Mutanen bakin tekun galibi jikokin 'yan Afirka ne, ƙwayarsu ma asalinta Afirka, kuma binciken 2014 ya nuna ɓarna ta fi yawa inda asalin mutum da asalin ƙwayarsa suka saɓa. Tsohon maƙwabci ya fi sanin inda ba a takawa. Sai dai wasu masanan sun ce babu wani ɗaurin gwarmai, ƙarancin na'urar leƙa ciki ne da rashin rajistar masu kansa suka ɓoye adadin. Ni dai ba zan kwanta a kan zancen cewa jikinmu ya iya da ita ba, a ƙasar da mutum zai rame ya mutu a ƙauye a ce sammu ne.

Duk wannan yana da amfani ga mai zuwa kemis ya ce a ba shi maganin olsa. Yunwa da yaji da azumi suna iya tayar da zafin, amma manyan masu haƙa gyambon biyu ne: wannan ƙwayar, da yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da asfirin. Farin ruwan maganin da ake kurɓa da omeprazole suna kwantar da asid, ba sa kashe ta. Masu tallar maganin ƙara ƙarfin garkuwa a lasifikar mota kuma ba su fahimci matsalar ba, domin garkuwar ba rauni gare ta ba, lallashinta aka yi, shi ya sa har yau babu allurar rigakafinta a kasuwa duk da gwaje-gwajen da aka yi. Haka nan gwajin jini da ake yawan yi a ƙananan ɗakunan gwaji antibodi yake nunawa, kuma yakan ci gaba da nunawa ko bayan an kashe ƙwayar. Gwajin bayan gida ko na numfashi ne ke faɗin ko tana nan yanzu.

Fitar da ita sai an haɗa ƙarfi daga waje: maganin rage asid tare da aƙalla magungunan kashe bakteriya biyu, yawanci na kwana 14, ba tsallake. Wanda ya sha na kwana huɗu ya ji sauƙi ya ajiye, ya kashe masu rauni ne ya bar masu taurin kai. Flagyl da muke sha kamar gyaɗa duk lokacin da ciki ya murɗa ya riga ya daina yi wa yawancin jinsunan da ke Afirka aiki, kuma a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa H. pylori mai jure clarithromycin cikin jerin ƙwayoyin da ake buƙatar sababbin magunguna dominsu.

Saboda haka in ciwon ciki ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a je asibiti a nemi gwajin bayan gida ko na numfashi, a gaya wa likita duk abin da ake sha, domin omeprazole da maganin kashe bakteriya suna iya ɓoye ta a gwaji. In an ba da magani a shanye shi duka, a koma a sake gwaji bayan aƙalla mako huɗu da gamawa. Wanda kuwa ya ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko ya yi aman jini, ko yana ramewa ba dalili, ko abinci yana tsaya masa, don Allah kada ya biya ta kemis, ya wuce asibiti a ranar.